Filawil Mara Nauyi a Motar Tsere: Ribarsa da Abin da Ake Biya

Jama'a masu sauraronmu na cikin garin Bauchi da kewaye, daga Ƙofar Ran har Yalwa, daga Tirwun har Miri, da waɗanda muryarmu ta riska a kan hanya suna riƙe da sitiyari, barkanmu da war haka, barkanmu kuma da sake saduwa a cikin shirinmu na faɗakarwa a kan mota da sha'aninta.

Mas'alar da za mu tattauna yau, in Allah ya yarda, a zahiri ta shafi mutane kaɗan ne, watau samarin nan da Allah ya hore wa motocin tsere, ko kuwa waɗanda suka sayi tsohuwar BMW ko Honda ko Golf mai giyar hannu suna faɗi-tashin mayar da ita ta tsere; amma a baɗini ta shafi duk wanda ya taɓa taka kuloci, da duk bakaniken da ake kawo wa irin wannan aiki, har ma da mai tafiya a ƙasa wanda motar za ta gifta ta gefensa. Ita ce mas'alar filawil, faifan ƙarfen nan mai nauyi da ke ɗaure a gindin inji, tsakaninsa da giyabos, wanda mai mota kan shekara goma yana tuƙi bai taɓa sa shi a ido ba sai ran da kuloci ya ƙone aka sauke giya. Magana ta yaɗu cikin samari cewa wanda ya cire filawil ɗin da kamfani ya sa, ya maye gurbinsa da mara nauyi, to ya ƙara wa motarsa ƙarfi. Kuma da yake rabin maganar gaskiya ne, ta fi ƙarya tsagwaronta wuyar warwarewa.

Malamanmu sun ce ba a yanke wa abu hukunci sai an san haƙiƙaninsa, saboda haka bari mu fara da tambayar abin da ya sa masu ƙera mota, waɗanda ke ƙwaƙule kowane giram daga jikinta don ta yi sauƙi ta rage shan mai, suka yarda suka rataya wa inji ƙarfe mai kilo 8 ko 10, wani lokaci har ya haura haka, alhali shi ba ya haifar da ƙarfi ko na anini. Amsar tana cikin ɗabi'ar injin kansa. Tun daga wanda Nikolaus Otto ya ƙera a Jamus a 1876 har zuwa na yau, aikin inji bugu huɗu ne: fistin ya sauka ya shaƙi iska da mai, ya hau ya matse su, wuta ta kama su su tunkuɗa shi ƙasa, sa'an nan ya sake hawa ya kori hayaƙi. A cikin huɗun nan ɗaya kaɗai ke bayarwa, sauran ukun ci suke yi, kuma kowace silinda sai karanshaf ya kewaya sau biyu kafin ta tunkuɗa sau ɗaya. Inji mai silinda huɗu yana samun tunkuɗa a kowane rabin juyi, mai shida a kowane sulusi, mai takwas a kowane rubu'i. Ke nan ƙarfin inji zuwa yake yi guntu-guntu, bugu da tsayawa, bugu da tsayawa, kuma da a ce haka zai isa ga tayoyi, da babu haƙorin giyar da zai kwana, babu kuma fasinjan da zai sauka da lafiyayyen ƙugu. Aikin filawil shi ne ya karɓi rarar ƙarfi a lokacin tunkuɗa, ya riƙe ta amana a cikin juyinsa, ya mayar da ita a lokacin da fistin ke fama da matsa iska.

Wanda ya tashi a gidan da ake kaɗi ya san wannan hikima tun bai san mota ba. Tsohuwa takan murza mazari sau ɗaya da 'yan yatsu, ta sake shi, ya yi ta juyawa yana murɗa zare, abin da ke riƙe masa juyin kuwa shi ne gululun yumɓun da ke gindinsa, wanda in an zare shi sai tsinken ya tsaya nan take. Masana tarihin sana'o'i suna ambaton Ibn Bassal, malamin noma na Andalus a ƙarni na 11, cikin waɗanda suka fara bayanin sa wa na'urar ɗebo ruwa irin wannan faifai domin juyinta ya daidaita. Motar da Karl Benz ya yi wa rajista a 1886 kuwa silinda ɗaya gare ta, da wani makeken filawil a kwance a bayanta, wanda da hannu ake wulwula shi kafin inji ya tashi. In kuma mutum yana son ya ga abin da idonsa, to ya tsaya a wurin tsohon injin niƙa irin na Lista, ya ga yadda yaro ke kama hannun yana juyawa da ƙyar, yana nishi, har manyan ƙafafun nan biyu su ɗauki gudu, sa'an nan ya saki sandar matsi, nauyin ƙafafun ya tsallakar da fistin, inji ya yi tuf, ya yi shiru, ya sake yin tuf, ya kama. Gwargwadon ƙarancin silinda, gwargwadon bukatar nauyi, kuma wannan ƙa'ida za mu sake komowa gare ta in mun zo zaɓe.

A mota an ɗora wa filawil wasu ayyukan bayan wannan. Fuskarsa ce faifan kuloci ke kamawa, jikinsa ne kuma ke shanye zafin da gogayyar ke haifarwa. Haƙoran da ke kewaye da bakinsa su kik ke cafka ya juya inji da safe. A motoci da yawa na zamani kuma, kamar Fijo 406 da danginta, akwai wani jerin haƙora dabam wanda sensa ke ƙidayawa tana gaya wa kwamfutar mota inda fistin yake, domin a san lokacin ba da wuta da feshin mai.

To me ke faruwa in an rage nauyin? Abu na farko da nake so mai sauraro ya riƙe shi ne, ƙarfin dokin inji ba ya ƙaruwa ko da ɗaya, domin ƙarfi daga mai da iska yake fitowa, filawil kuwa ma'aji ne kawai. Motar da ƙarshen gudunta kilomita 180 ne a awa, nan za ta tsaya ko da an sa mata filawil na takarda. Abin da ke sauyawa shi ne saurin da inji ke hawa da sauka. Duk sa'ad da direba ya taka totur, ƙarfin inji kan kasu kashi biyu, wani ya tafi tayoyi, wani ya tafi wajen wulwula ƙarafan da ke juyawa a cikin injin kansa, kuma babbansu shi ne filawil. In an rage shi, kason da yake ci sai ya koma ga tayoyi, amma fa a lokacin ƙara gudu kaɗai. Mu ɗauki misali na lissafi. Mota mai nauyin kilo 1,200, an cire mata filawil mai kilo 10 an sa mai kilo 5, giyarta ta ɗaya kuma tana sa inji ya juya sau 14 kafin taya ta juya sau 1. Hisabi ya nuna cewa a giya ta ɗaya motar za ta ji kamar an sauke mata kimanin kilo 130, watau kusan ushirin nauyinta; a giya ta biyu abin ya faɗo wajen kilo 40; a giya ta biyar kuwa bai kai kilo 10 ba. Dalili shi ne fa'idar tana bin rabon giya ne in an ninka shi da kansa, saboda haka tana narkewa da sauri yayin da ake hawa giya. Wanda ke tsammanin zai ga bambanci a miƙaƙƙiyar hanyar Darazo yana cikin giya ta biyar, kuɗinsa kawai ya zubar. Ribar ta mai fita daga kwana ce a giya ta biyu, da mai canja giya akai-akai, wanda in ya ɗan taɓa totur yana son allurar inji ta tashi nan da nan don ta dace da giyar da zai sauka zuwa gare ta.

Akwai kuma wata magana mai zurfi da masu saye kan gafala daga gare ta, su tsaya a kan abin da sikeli ya nuna. Nauyin da ke bakin faifai da wanda ke kusa da cibiyarsa ba ɗaya ba ne a hukunci, domin tasirin kowane yanki yana ninkuwa ne da nisansa daga tsakiya, a sake ninka shi da nisan: kilo ɗaya a can baki yana yin aikin kilo huɗu da ke rabin hanya. Saboda haka ana iya samun filawil biyu, dukkansu kilo 6, ɗaya inji ya ji shi sakayau domin an fafe bakinsa, ɗayan kuwa ya ji shi kusan kamar na kamfani domin a tsakiya aka rage. Mai saye ya juya faifan ya duba inda aka yi tagogin da inda aka bar kauri.

Amma kowa ya ci zomo ya ci gudu. Ajiyar nan da aka rage ita ce ke taimakon mota ta tashi daga tsaye, domin a daidai lokacin da kuloci ya fara kamawa, inji yana ƙasa-ƙasa, ƙarfinsa bai taru ba, juyin filawil ne ke ba da tunkuɗar farko. In ya yi sauƙi ƙwarai, direba yana ɗaga ƙafa kaɗan sai allura ta faɗi, motar ta yi kakkarwa ta mutu, dole ya koyi ba ta wuta da yawa yana jan kuloci a hankali, wannan kuwa shi ne ainihin abin da ke cinye faifan kuloci kafin wa'adinsa. Ku kwatanta wannan da halin da muke tuƙi a ciki. Ga mutum a cunkoson kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal da la'asar, a watan Afrilu, zafi ya doshi digiri 40, na'urar sanyi a kunne tana ɗora wa inji kaya duk sa'ad da ta kama, Keke Napep a gabansa, ɗan acaɓa a kowane gefe, yana tashi yana tsayawa kowane taku goma. Motar da aka yi wa filawil na filin tsere a nan silo ma gagararta yake yi, ga jijjiga a sitiyari, ga ƙarar giyabos kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, wani lokaci har kwamfuta ta kunna fitilar gargaɗi tana zaton filogi ne ya daina wuta, alhali rashin daidaiton juyi ne ya ruɗe ta. Ko kuwa ga shi ya nufi Jos, tafiyar kimanin kilomita 130 wadda a cikinta ake hawa daga tudun mita 600 zuwa wajen 1,200, ya iso hawan Panshanu ya tarar da tirela ta tsaya cak a gabansa. A nan ya kamata in gyara wani kuskuren na ɗaya ɓangaren, domin akwai tsofaffin direbobi da ke cewa filawil mai nauyi shi ke hawa da mota tudu. Matuƙar mota tana tafiya da gudu ɗaya, nauyinsa bai ƙara mata kome bai rage ba, inji ne ke hawa da ita. Inda ake neman nauyin shi ne sa'ad da ta tsaya a tsakiyar hawa, ana so ta sake tashi ba ta koma da baya ta faɗa wa na bayanta ba.

Masu sauraro, za mu ɗan shaƙata, in mun dawo sai mu shiga batun zaɓen kansa.

(Kiɗa)

Madalla, barkanmu da dawowa. Mu mutanen wannan yanki ba baƙin ƙarfe da inji ba ne. A nan Bauchi kamfanin Steyr ya fara harhaɗa manyan motoci da taraktoci a ƙarshen shekarun 1970, a Kaduna kuma Fijo ta fara harhaɗa motocinta a 1975, shekarar da 504 ta ci gasar Safari ta Kenya, ta kuma sake cinye ta a 1978. Gasa ce da a wancan lokaci ake yi a kan ƙura da taɓo da duwatsu na dubban kilomitoci, inda wanda motarsa ta jure ya fi wanda motarsa ta fi zafin tashi. Na kawo wannan ne domin a tuna cewa tsere ma iri-iri ne, kuma kowane ƙarfe an auna shi ne da aikin da aka nufe shi da shi. Tambayar farko da mai saye zai yi wa kansa, tsakaninsa da Allah, ita ce a ina motar nan take yini.

In motar ita ce ta zuwa aiki, ita ce ta kai yara makaranta, ita ce ta zuwa ɗaurin aure Azare, sai dai jefi-jefi a ɗan motsa jini da ita, to ra'ayina shi ne ko dai a bar na kamfani, ko a rage abin da bai wuce rubu'i zuwa sulusin nauyinsa ba. Mai kilo 10 ya koma 7, inji zai yi ɗan kuzari, silo kuma ba zai lalace ba. In mota ce ta wasa zalla, wadda ba ta shiga kasuwa, ana iya sauka zuwa rabi. Abin da ya yi ƙasa da haka na motar da ake ɗaukowa a kan tirela ne a sauke ta a filin tsere. Sai kuma a duba inji: mai silinda shida irin na BMW ya fi mai huɗu haƙurin rashin nauyi, domin tunkuɗarsa ta fi kusa da juna, ƙaramin inji a cikin babbar mota ba ya son ragi, injin dizal kuwa, wanda matsinsa ya yi kusan ninkin na fetur, bugunsa kuma ya fi tsanani, a bar shi yadda aka same shi. Mai mota otomatik, kuma su ne mafi yawan masu Camry da Accord na garin nan, wannan magana ba tasa ba ce sam, domin abin da ke gindin injinsa siririn faranti ne, nauyin yana cikin tulun man da ke haɗa inji da giya. Duk wanda ya ce zai sayar masa da filawil na tsere, aljihunsa yake nema.

Daga nan sai irin ƙarfen. Na kamfani galibi ƙarfen zubi ne, mai arha, mai shan zafi, mai kyakkyawar mu'amala da kuloci, amma gautsi gare shi, ba ya lanƙwasa sai dai ya tsage. Na biyu shi ne ƙarfen ƙira wanda aka gauraya da sinadaran kuromiyam da molibdinam, aka sassaƙa shi daga dunƙule guda, sau da yawa har haƙoran kik a jikinsa aka yanka su; yakan zo tsakanin kilo 4 da 6 a ƙananan injina, kuma saboda taurinsa ana iya sirantar da shi ba tare da ya yi rauni ba. Na uku na alminiyam ne, wanda ya fi duka sauƙi, sai dai da yake alminiyam ba ya jure gogayya, ana ɗaura masa farantin ƙarfe a fuska da ƙananan notuna, a kuma sa masa zoben haƙora na ƙarfe a baki. An ce fa'idarsa ita ce in fuskar ta cinye sai a sauya farantin kaɗai, kuma gaskiya ne, ga wanda ke zaune kusa da inda ake sayar da farantin. Ga mutumin Bauchi, wanda in ya rasa ƙaramin abu sai an aika Legas ko ƙetare ya zauna jiran makonni, ga kuma ƙarafa iri biyu a haɗe waɗanda zafi ba ya buɗa su daidai da juna, ni dai na ƙarfen ƙira nake zaɓar masa, ba na kuwa jin nauyin faɗa.

Yanzu ga inda nake roƙon kanikawa da masu injin sassaƙar ƙarfe su ba ni kunnuwansu duka biyu. Da yake filawil na ƙira yana da tsada, shaiɗan yakan raya wa yaro cewa ya ɗauki na zubin da ke motarsa ya kai a fafe masa baya, a huda masa ramuka, ya sami sauƙin a kuɗi kaɗan. Wannan shi ne a garin neman gira a rasa ido. Faifai mai faɗin santimita 30, in inji yana juyi 6,000 a minti, bakinsa yana gudun da ya kai kimanin kilomita 340 a awa, ƙarfin da ke neman yaga shi kuwa, in juyi ya ninka sau biyu, shi sau huɗu yake ninkawa. Ƙarfen zubin da aka sirantar, aka bar masa kaifin lungu inda tsaga za ta fara, ga shi dama ya sha zafin kuloci shekara da shekaru, ba ya yin sallama ran da zai tafi. Fashewa yake yi, gutsattsarinsa su keta kwandon giyabos, wanda galibi alminiyam ne, su keta daɓen mota, kuma a motar da ke ja da ƙafafun baya, wurin nan daidai yake da idon sawun direba da na wanda ke gefensa. Saboda haka ne hukumomin tseren motoci na Amurka suka hana filawil na zubi a motoci masu tsananin gudu, suka shar'anta wanda aka jarraba aka buga masa hatimi, tare da garkuwar ƙarfe da za ta kewaye shi. Shafe fuskar filawil kaɗan domin ta daidaita in za a sa sabon kuloci, wannan aiki ne sananne, babu laifi a cikinsa matuƙar ba a wuce haddin da kamfani ya yanka ba. Fafe shi don rage nauyi kuwa, kiyaye rai yana gaba da kiyaye dukiya a wurin malaman usulu, kuma bakaniken da ya ƙi wannan aiki, ko da yaron ya yi fushi ya tafi wani gareji, ya yi abin da ya wajaba a kansa.

Wata mas'alar kuma ta masu motocin Turai ce na bayan-bayan nan. Tun 1985, lokacin da kamfanin LuK na Jamus ya fito da shi aka fara sa shi a BMW, filawil mai ɓari biyu ya yaɗu: faifai biyu ne a haɗe, da lanƙwasassun sifirin a tsakaninsu, ɗaya yana bin inji ɗaya yana bin giya, sifirin ɗin suna shanye bugun kafin ya ƙetara. Yana da nauyi, yana da tsada, yana kuma tsufa, in ya tsufa sai a riƙa jin ƙwanƙwasa lokacin tayar da mota da kashe ta. Da yawa daga masu neman filawil mara nauyi a haƙiƙa tsadar wannan ce ta koro su. Musanya shi da mai ɓari ɗaya ya halatta, da sharaɗin a sauya faifan kuloci tare da shi, a sa mai sifirin a cibiyarsa, domin faifan da ke tafiya da mai ɓari biyu sau da yawa ba shi da su, kuma in aka haɗa sandararren filawil da sandararren faifai, to duk bugun inji a kan haƙoran giya zai sauka. Ko an cika sharaɗin ma, mai motar ya sa a ransa cewa shirun da ya saba da shi ya tafi.

In an zo saye, ko a nan gida ne, ko Dilimi a Jos, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko kuwa ta waya aka yi oda, a tafi da lambar inji, kada a tsaya ga sunan mota, domin mota ɗaya takan zo da injina uku. Mafi alheri a ɗauki tsohon a kai shi, a kifa su a ƙasa gefe da gefe, a ƙidaya ramukan noti, a ƙidaya haƙoran kik ɗaya bayan ɗaya da alli, a duba haƙoran sensa da giɓin da ke cikinsu, wanda a injina da yawa gurbin haƙora 60 ne aka cire 2. In giɓin ya goce daga inda yake a tsohon, mota ba za ta tashi ba, ko ta tashi tana harbi, a yi ta zargin kwamfuta ba laifinta. A tambaya kuma ko injin yana cikin waɗanda aka daidaita ma'auninsu da wani ɗan nauyi a jikin filawil, kamar wasu manyan injinan Amurka masu silinda takwas, domin irin waɗannan in aka sa musu wanda ba shi da nauyin, jijjiga za ta cinye musu metal. In na hannu ne, ɗan Beljiyam, a wanke fuskar da fetur a fito da ita rana. Tabo mai shuɗi-shuɗi alamar ya sha wuta ne. A bi fuskar da farce, in farce ya maƙale a wata siririyar tsaga, musamman wadda ta taso daga ramin noti, a ajiye shi ko nawa aka rage, araha ba ta ado. A kuma yi magana a fili da mai kaya, gaban shaida, cewa in aibi ya bayyana za a mayar, domin shari'a ta ba mai saye wannan zaɓi, sai dai faɗarsa tun farko ta fi jayayya daga baya.

Ɗaurin kansa ba wurin gaggawa ba ne. Notunan filawil a injina da yawa sau ɗaya ake ɗaura su, suna miƙewa in an matse, don haka sababbi ake sa wa, a bi su a gicciye, da sifana mai awo, zuwa adadin da littafin motar ya faɗa. Ɗaurin da ake yi da dogon bututu, yaro ya hau ya yi tsalle a kai, ba shi da gurbi a nan. Tun da giya tana ƙasa, a duba oyilsil na gindin inji da ɗan boris ɗin da ke tsakiya, kada a rufe a sake saukewa bayan wata guda. Littattafan fiƙihun Malikiyya da muke karantawa a zaure, irin su Risala, sun ɗora wa masu sana'a lamunin abin da aka damƙa musu, kuma babu kayan da ya fi cancantar a tuna masa wannan hukunci kamar ƙarfen da zai yi juyi 100 a cikin daƙiƙa ɗaya kusa da ƙafar mutum. Bayan an gama, a yi tafiyar kilomita 500 ko fiye cikin lalama, kuloci ya zauna, ƙafar direba ita ma ta koyi sabon wurin kamawa.

Sai kira ga samarinmu. Ranar da aka karɓo mota daga gareji, zuciya takan so a gwada, kuma mun san inda ake zuwa gwajin: titin Ahmadu Bello da dare, ko ayarin rakiyar amarya, inda ake wulwula mota a tsakiyar jama'a yara suna ihu. Ƙa'idar hanya ta ƙasar nan ta yanka wa ƙaramar mota kilomita 50 a awa a cikin gari, kuma motar da injinta ke hawa da sauri tana wuce wannan haddi tun ba ta bar giya ta biyu ba. Ku haɗa kanku ku nemi fili killatacce a bayan gari, da izinin hukuma, da sanin jami'an kiyaye haɗurra, da hular kwano da ɗamara, 'yan kallo kuma su tsaya nesa. Iyaye masu sayen motocin nan su ma su tambayi abin da aka sauya a cikinsu.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan birki da man birki, da yadda ake gane wanda aka gurɓata. Wanda ke da tambaya a kan shirin yau ya aiko mana, ya rubuto da irin motarsa da lambar injinta. Mu kwana nan.